Minti Arba'in da Aka Goge

Ƙwai na uku ya fashe daidai lokacin da Auta ta shigo falo. Injiniya yana durƙushe gaban mutum-mutumin da kamfaninsu ya kawo wa mahaifinta, yana saita ƙarfin hannun na'urar mai yatsu uku ta hanyar ba shi ƙwai ya riƙe, sai ya ɗaga kai ya gan ta ya manta da abin da yake murɗawa.

"Idan haka zai riƙe kofin Baba, gara ka mayar da kayanka," ta ce tana danne dariya.

"Laifina ne. Hankalina ne ya tafi wani wuri."

Baba tsohon tela ne da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, mutum mai tsananin kunya da tsare girma. Auta malamar makaranta ce, ba ta gida sai yamma. Shi ya sa aka kawo na'urar nan mai taya, da kyamara a goshi da makirfo da lasifika, don ta miƙa wa Baba ruwa da magani. Baba ya raɗa mata suna Ɗan Aike.

Aikin kwana biyu Injiniya ya ja shi har sati uku. Kullum akwai wani noti da ya saki.

"Zumata, yau ma sai na zo duba makirfon. Jiya muryarki kaɗan ya ɗauka."

"Injiniyana, ka ji tsoron Allah. Makirfo lafiyarsa lau, kai ne ba ka da lafiya."

Wata Laraba da hantsi wayarsa ta yi ƙarar gaggawa yana ofis. Ya buɗe kyamarar Ɗan Aike a wayar. Baba ne yashe a bakin banɗaki, ya yi ƙoƙarin zuwa shi kaɗai ya zame, fitsari ya jiƙa masa wando, yana kuka kamar yaro.

"Baba, ni ne. Kada ka motsa tukuna."

Ya tuƙo Ɗan Aike daga nesa. Ya sa yatsun nan suka jawo bargo suka lulluɓe tsohon, suka miƙa masa sanda da wando mai tsabta. Sannan ya juya kyamarar ta kalli bango, yana yi wa Baba magana a hankali har tsohon ya hau gado.

"Ka goge hoton da kyamarar ta ɗauka," in ji Baba. "Kuma ka rantse Auta ba za ta sani ba."

Ya rantse, ya goge.

Auta kuwa kowace yamma sai ta duba hoton wunin a wayarta. Ta tarar babu minti arba'in. Likitan da ke zuwa yi wa Baba gashin ƙashi, wanda ya daɗe yana nemanta ba ta kula shi, ya leƙa wayarta ya taɓe baki.

"Mai iya gogewa ai yana iya ajiyewa. Ke kin san abin da yake kallo idan kina gida?"

Maganar ta hana ta sukuni. Ta zauna, ta tashi, ta ɗauki ɗankwali ta rufe kyamarar, sannan ta rubuta wa Injiniya:

"Me ka goge ranar Laraba?"

"Ba zan iya faɗa ba, Zumata. Amma wallahi ba abin da kike tsoro ba ne."

"To kada ka ƙara kira na da wannan sunan."

Ya rubuta gaskiyar sau biyar yana gogewa. Kwana uku yana zagaya ofis kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai. Da ya aiko yayansa neman izinin auren Auta ko hakan zai nuna niyyarsa, Baba ya juya fuska ga bango.

"Kowa ma na yarda, ban da shi. Su zo su kwashe ƙarfensu."

Abin tausayi, ba ƙin yaron yake ba. Ba zai iya haɗa ido kullum da surukin da ya gan shi a wannan hali ba ne.

Ranar kwashewa Injiniya ya zo ya rame. Auta tana tsaye a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura. Ya cire makirfo, ya naɗe waya, ya fara kwance hannun.

"Tambaya ta ƙarshe," ta ce. "Ka faɗa mini, ko mene ne zan yafe."

Ya kalli gado, ya kalle ta, ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri."

Ta juya za ta fita.

"Auta, dawo." Baba ya yunƙura ya zauna. "Faɗuwa na yi. Na ɓata jikina kamar jariri. Yaron nan ya rufe ni, ya kawar da idon na'urarsa, ni na sa shi rantsuwa. Ina kwance ina kallo zai rasa ki saboda kunyata, bai buɗe baki ba."

Auta ta zube a gaban gadon ta kama hannunsa mai lafiya. "Haba Baba! Kai da ka wanke ni ina ƙarama?"

Tsohon ya share ido ya dubi Injiniya. "Kai kuma mayar wa Ɗan Aike hannunsa. Ka ce wa yayanka ya dawo gobe."

Injiniya ya laluba noti ya kasa gani, hawaye sun cika masa ido. Wayarsa ta yi ƙara, alhali mai saƙon tana taku uku daga gare shi.

"Ka yafe mini, Injiniyana."

"Na yafe tun kafin ki tambaya, Zumata."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za su tafi, Baba ya ƙi yarda ya sa musu albarka a kwance. Ya dafa kafaɗar ango ya miƙe, ƙafarsa na rawa, ya ce, "Allah Ya rufa muku asiri duniya da lahira, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙai." Kowa ya ce amin, shi kuwa bai saki kafaɗar ba.