Kantar Littattafan Baba

A ɗakin karatu na jami'a suka fara haɗuwa, kuma da faɗa aka fara.

Yana tsaye tsakanin kantoci da ɗalibansa, yana koya musu yadda ake karɓar mai neman bayani. Bai daɗe da dawowa daga ƙasar da ya yi digirinsa na uku ba, rigar sanyinsa ma tana nan rataye a ofis ba ta da aikin yi. Sashen ilimin laburare da sarrafa bayanai ne ya ɗauke shi koyarwa, kowa Dakta yake ce masa.

"Ba kullum abin da mutum ya ambata shi yake nema ba," yake gaya musu. "Kafin ka miƙa hannu kan kanta, ka tambaye shi. Idan ya amsa, ka sake tambaya."

Sai ga muryar mace daga bayan kanta, tana waya ba ta ko sassauta ba. Zancen wata saniya take yi, wadda cikinta ya kumbura ta ƙi tashi.

Ya zagaya. Farar rigar asibiti a kafaɗarta, takalman roba a ƙafa da busasshen taɓo a jikinsu.

"Baiwar Allah, nan ɗakin karatu ne."

Ta rufe wayar da tafin hannu. "Na sani. Tun ɗazu nake yawo a cikinsa ban samu komai ba. Kai ne sarkin shirun?"

Ɗalibai suka sunkuyar da kai suna dariya. Ya haɗiye abin da ya zo masa baki, ya yi abin da ya gama koyarwa yanzun nan. Me take nema? Littafin cututtukan shanu. Wace cuta? Me saniyar ta ci? A ƙarshe ta bayyana ba littafi take buƙata ba, wata maƙala ce a tsohuwar mujalla kan wani ganye mai kumbura dabbobi. Ya sauka ƙasa ya ɗauko mata.

"Ashe aikin naku yana da amfani," ta ce.

"Wani lokacin."

Likitar dabbobi ce a asibitin jami'ar. Ita ce ƙarama a gidansu, har abokan aikinta Auta suke kiranta. Ya ba ta lambarsa, wai ko za ta buƙaci wata maƙalar.

Washegari saƙo ya shigo: "Sarkin Shiru, saniyar ta tashi. Ta ce a gaishe ka."

Ya amsa: "Ina amsawa. Akwai wasu maƙalun kan ganyen, sai dai ba a fita da su. Dole sai an zo."

"Dabara ce wannan?"

"Doka ce. Amma ta yi mini daidai."

Ta zo. Ta sake zuwa bayan maƙalun sun ƙare. Shi ba gwanin daɗin baki ba ne, ya fi iya ajiye mata kujerar da ke kusa da taga. Wata rana suna tafiya zuwa bakin titi ta tsokane shi.

"Kai ko kalmar so sai ka kawo sunan marubuci da shafi da shekarar bugu?"

Ya tsaya. "Ina sonki, Auta. Ban karanta a ko'ina ba."

Ta hau mota ta tafi. Saƙonta ya same shi bai kai ofis ba: "An karɓi maƙalarka ba gyara. Ka zo ka gaida Baba."

Baba tsohon injiniyan ruwa ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana haƙa rijiyoyi a garuruwan mutane. Mahaifiyarsu ta rasu. Babbar 'yarsa, wadda Auta ke kira Yaya, tana aure kusa, ita ke leƙo gidan kullum.

"Abu ɗaya," Auta ta ce masa. "Baba ba ya son a taimaka masa. Ko cokali ya faɗi, ka bar shi ya ɗauka."

Ya zo da kundin digirinsa a naɗe cikin takarda, tsarabar Baba. Auta ta duba ta girgiza kai. "Mutane turare suke kaiwa."

Ya tarar Baba ya shiga duba maƙwabci mara lafiya. Auta ta zaunar da shi a falo ta wuce kicin. Nan idonsa ya faɗa kan kantar. Ta cinye bango guda, kuma ba abin da ke inda ya kamata. Littafin haƙar rijiya na jingine da littafin koyon ɗinki. Ƙamus na tsakanin littattafan 'yan firamare. Tafsiri juzu'i ɗaya a sama, ɗan'uwansa can ƙasa. Ya kau da kai. Ya sake dubawa. Ya ce bari ya haɗa juzu'an nan biyu kawai.

Kafin a yi sallama a ƙofa ya gama da kantar duka. Addini a sama, kimiyya a tsakiya, na yara a ƙasa. Har ya goge ƙura da hankicinsa, yana jin ya yi abin kirki.

Baba ya shigo da baƙin tabarau, ba sanda, ya wuce kai tsaye ya zauna a kujerarsa da ke gaban kantar. Aka gaisa.

"To, me kake koyarwa?"

Dakta ya yi bayani.

"Wato digiri uku a kan jera littafi."

"Da yadda mutane ke neman bayani, Baba."

"Ai mu ma muna da 'yan littattafanmu. Bari ka ga wanda malamina ya ba ni ranar da na gama makaranta." Bai ko juya ba, ya miƙa hannu baya ya zaro littafi ya nuna. "Wannan shi ya koya mini inda ruwa ke ɓuya a ƙasa."

Littafin tarihin sarakunan wata ƙasa ne. Babban yatsan Baba ya shafa bangon littafin, ya tsaya. Ya juya ya bi kantar da hannu, daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali.

"Wa ya taɓa mini kanta?"

"Ni ne, Baba. Na haɗa kowane fanni wuri guda."

Sai a lokacin ya lura fuskar Baba ba shi take kallo ba, gefensa kaɗan take kallo. Auta na tsaye a ƙofa da tire a hannu.

"An gode," Baba ya ce. "Auta, raka baƙonki."

A waje ta yi magana ba ta dube shi ba. "Idonsa ya tafi tun bara. Haske da duhu kawai yake bambancewa, kuma ya hana a gaya wa kowa. Da hannu ya san gidan nan. Kantar ce abin da bai taɓa kuskure a kai ba."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Me ya sa ba ka tambaya ba?"

Hukuncin Baba ta bakin Yaya ya iso, ta waya, ba ta rage masa ko kalma ba: mutumin da ya shigo gidana ranar farko ya sauya wa kayana wuri bai tambaya ba, me zai yi da 'yata idan na ba shi? Yaya ta ƙara nata, wai ai Auta ba ta rasa manemi ba. Dama akwai abokin mijinta mai kemis da ya daɗe yana kawo wa Baba maganin ɗigawa a ido, mutum mai ladabi, wanda ba a taɓa ganinsa da littafi a hannu ba, ballantana ya ɓata na wani.

Ya tura wa Auta saƙo, shiru. Ya sake turawa, shiru. Rannan yana fitowa daga jami'a ya hango ta a kujerar gaba a motar mai kemis. Ya koma ofis ya zauna yana kallon rigar sanyin, ya tuna tsohon malaminsa na can ya ce masa ƙofa a buɗe take duk ran da ya so komawa. Ya rubuta: "Na ga kin samu abin da kike nema. Allah ya sanya alheri."

Wannan karon amsa ba ta jima ba.

"Asibitin ido muka kai Baba, yana kujerar baya. Karo na biyu ke nan ka ga abu ka yanke hukunci. Kai da kake koyar da tambaya."

Wani saƙon ya biyo: "Baba ya daina zama a falo. Na ce zan mayar masa da littattafan yadda suke, ya ce kada wanda ya taɓa. Ni ma ban san yadda ya jera su ba. Ina kewarka, amma ba zan auri wanda Baba bai yafe wa ba."

Da safe yana da lacca kan tsarin rarraba littattafai. Ya cika allo da lambobi, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, a cikin tsare-tsaren nan wanne ya fi? Yana da amsar da ya saba bayarwa. Ya ajiye allin.

"Wanda mai kantar zai miƙa hannu ya samu abinsa," ya ce.

Ranar Asabar ya je bai sanar da kowa ba. Baba na baranda da rediyo a cinya. Dakta ya durƙusa.

"Baba, ba zancen Auta ya kawo ni ba. Na ɓata abu, kuma ban san yadda ake gyara shi ba. Na karanta tsari iri-iri, naka ba ya ciki. Kai kaɗai ka sani. Ga idona ga hannuna, idan za ka yi aiki da su."

Rediyo ya gama labarai ya shiga kiɗa. Baba ya kashe shi.

"Digiri uku."

"Uku, Baba."

"Je ka sauke su duka ƙasa."

Shi ke karanta suna, Baba ke faɗin wuri. Bai yi nisa ba ya gane tsarin. Ba fanni ba ne, lokaci ne. Kowane littafi yana inda ya shigo rayuwar Baba. Sama ta hagu, wanda mahaifinsa ya ba shi. Sai na makaranta. Littafin ɗinkin da ke jingine da na rijiya na marigayiya ne, da shi ta zo gidan, a shekarar da ya haƙa rijiyarsa ta farko. Ƙamus ya shiga tsakanin na 'yan firamare ne saboda Yaya ta fara yi masa tambayoyin da ba shi da amsarsu. Juzu'in tafsiri na biyu kuwa bai saya ba sai bayan rasuwar matarsa.

Aikin ba ya sauri, don Baba ba ya barin a mayar da littafi sai an karanta masa shafi. Asabar ta bi Asabar. Auta takan ajiye musu shayi ta wuce ba magana, sai wayar Dakta ta yi ƙara a aljihu: "Ka ɗaga murya, Sarkin Shiru. Nan ba laburare ba ne."

Mai kemis ya taɓa tarar da su ana karanta babi kan yashi da tsakuwa. Ya zauna don ladabi, ya yi hamma, ya tuna ya bar shago ba kowa. Yaya da kanta ta fara tsayawa a bakin ƙofa ran da aka kai kan littattafan mahaifiyarta.

Wata rana Dakta ya ce, "Baba, ina so in rubuta maƙala kan yadda masu larurar ido ke tsara littattafansu a gida. Ba wanda ya tambaye su. Idan ka yarda, da kai zan fara. Idan ba ka yarda ba, shi ke nan."

"Ka ga, yanzu ka iya tambaya. Rubuta. Kada ka sa sunana."

Na ƙarshe a layin ƙasa shi ne kundin Auta na makarantar likitan dabbobi. Ya saka shi. Baba ya miƙa hannu baya, ya zaro littafin rijiya, ya shafa, ya mayar.

"Sun ƙare?"

"Saura ɗaya a kan tebur, amma ba naka ba ne. Tsarabar da na zo da ita ce ranar farko. Zan tafi da ita."

"Kawo." Baba ya yage takardar, ya jinjina kundin a hannu. "Nauyi kam akwai. Ana karantawa?"

"Waɗanda suka jarraba ni sun karanta. Su ma dole ce ta sa su."

Baba ya yi dariyar da ba a ji ba tun bara. Ya miƙo masa. "Sa shi kusa da na Auta."

Dakta ya karɓi kundin.

"Ba baƙo a kantar nan," Baba ya ce. "Ka gaya wa manyanka su zo. Kuma kada ka matse su, ka bar wuri a gefe. Masu zuwa za su buƙata."

A kicin wani abu ya faɗi ƙasa. Wayar Dakta ta yi ƙara: "Cokali ne. Kada ka taimaka. Kuka nake."

Aka ɗaura aure bayan ɗalibai sun gama jarrabawa. Yaya ce ta fi kowa kai da kawowa, har mai kemis ya zo ya yi musu murna. Da rana, falo ya cika da 'yan'uwa, Baba ya cire tabaran ya ajiye a kan tebur, kowa ya ga abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Ya dafa kan Auta, ya lalubi kafaɗar angon ya dafa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Allah ya sa kowa ya san wurin ɗan'uwansa. Abin da ba ku gane ba, ku tambayi juna."

Aka amsa da amin. Wani tsohon abokin aikin Baba ya ce, to wai shi angon me ya karanta ne? Baba bai juya ba. Ya miƙa hannu baya, layin ƙasa, ya zaro kundin ya ɗaga.

"Ga shi nan, na surukina ne. Ban san abin da ke ciki ba tukuna, amma na san inda yake."