Rubutun Bayan Takarda

Raihana na zaune a tsakar gida da takardun gwaji arba'in baje a tabarma, Innarta na tankaɗe a gefe, sai aka ce Saminu na sallama a zaure.

Saura wata biyu bikinsu. Tana digiri na biyu a Kano, a fannin gwajin harshe da auna tsarin koyarwa. Aikinta na kammalawa shi ne ta auna makarantar matan aure da mahaifiyarsa, Hajiya Haulatu, ta shekara tara tana koyar da karatun boko a cikinta a nan Daura. Hajiya da kanta ta gayyace ta.

Da ta fita zaure, Saminu ya ce, "Hajiya ta ce in tambaye ki, mata nawa suka yi fasin?"

"Shida."

"A cikin arba'in?"

"Na ba su shafin da suka saba, suka zuba shi babu gargada. Na sauya jerin layukan, suka ci gaba da karanta na da. Hadda suka yi, Yaya Saminu, ba karatu ba."

Ya sosa ƙeya. "To ki ɗan gyara rizal ɗin mana. Wa zai sani?"

"Su za su sani, ranar da aka miƙa musu takardar asibiti."

Washegari Hajiya ta aiko cewa a dakata da maganar lefe. Wai yarinyar da za ta kunyata ta tun ba ta shigo gidanta ba, in ta shigo sai yaya?

"Ke kuwa," in ji Inna, "kan ƙirge za ki kashe aurenki?"

Raihana ta yi kuka har ta gode Allah, amma ba ta taɓa alƙaluman ba. Saminu ya yi kwana biyar bai zo ba.

Ran na shida tana tattara takardun, sai ta juya ta Shatu mai fura. A baya akwai rubutun ajami, tsaf da shi: "Malama, ki yi haƙuri, idona bai saba da waɗannan baƙaƙen ba." Ta juya sauran. Fiye da rabi da ajami suka rubuta sunayensu.

Ta ɗauki mayafi ta tafi gidan Hajiya, ta durƙusa.

"Hajiya, gwajina ma da gyara. Na tambayi ko sun iya boko, ban tambayi ko sun iya karatu ba. Ki ba ni rana ɗaya."

Hajiya ba ta dube ta ba. "Laraba."

Ranar Laraba Raihana ta raba sabon labari da ta rubuta da ajami, wanda babu mai haddarsa. Mata talatin da ɗaya suka karanta, suka amsa tambayoyi. Shatu har gyara mata wasali ta yi.

Hajiya ta dubi matan. "Shekara tara ina fara musu daga farko, ashe da iliminsu na allo suka zo."

"Daga shi za a ɗora, Hajiya. Haka na rubuta a rahoton."

"Shidan nan yana ciki?"

"Yana ciki."

"To bar shi. Baɗi ki dawo ki sake ƙirgawa." Ta juya wajen Saminu da ke raɓe a bakin ƙofa, wanda ya riga ya faɗa mata roƙon da ya yi wa Raihana. "Kai kuma da ka ce ta gyara, da ta gyara da yaushe zan sani?"

"Ni ma na faɗi gwajin ke nan, Hajiya," ya ce, kansa a ƙasa.

"Akwai risit," in ji Raihana a hankali. "Wanda ya faɗi yana sake zaman gwajin."

Ranar Juma'a aka kawo lefe.

Da Raihana ta ɓoye shidan nan don ta tsira da aurenta, da ta shiga gidan da za a riƙa shakkar maganarta. Ta faɗi gaskiya, ta yi haƙuri da abin da ya biyo baya, ta kuma yarda ta binciki nata kuskuren. Wanda zai auna mutane, ya fara auna ma'auninsa.