Lungun da Ke Bayan Tankunan Ruwa

Yayana kyamarorin tsaro yake haɗawa. Abokan sana'a Shaho suke ce masa, domin in ya shiga gini ya ɗaga kai sau ɗaya, ya san inda ɓarawo zai laɓe da inda ma'aikaci zai ɓuya ya huta. Yana taƙama da haka. Yakan ce in gini ya fita daga hannunsa, ko ƙadangare ba shi da sirri a ciki.

Aikin da ya yi ajalin sana'arsa na wani kamfanin ɗinki ne, bene hawa bakwai, ma'aikata sun haura ɗari shida. Manajan wurin ba ɓarayi ne damuwarsa ba. So yake ya san wa ya daɗe a banɗaki, wa ya jingina da bango, wa ya ɗaga ƙafa daga kan keke. Ya gaya wa Yaya yana son ya zauna a ofis ya ga kowa, shi kuma kada kowa ya gan shi.

Kwana tara Yaya ya yi yana tsara aikin. Yana yawo da zanen ginin a hammata, da tef na awo, da jan alli. Duk inda kyamara za ta zauna sai ya zana da'ira a bango, ya ɗiga ɗigo a tsakiya, ya rubuta lamba a gefe. Ya fitar da hanyar da wayoyi za su bi ta cikin silin. Ya zaɓi ɗakin kallo a ƙasa, mai allo goma sha biyu, da batura don kada hoto ya yanke in an ɗauke wuta. Kyamara ɗari da tamanin da shida. Matan da ke ɗinki suna ganinsa da allin nan sai hira ta mutu a bakinsu.

A rana ta tara ya hau hawa na bakwai. Can babu kekuna, sai tankunan ruwa manya guda huɗu da tarin tsofaffin ƙyallaye. Bayan tankunan ya tarar da wani lungu dogo, siriri, wanda babu shi a zanen ginin. Ba taga. A bakin lungun wata dattijuwa mai shara tana zaune a kan bokitin da ta kife, ta miƙe ƙafafu. Ƙafafun sun kumbura har silifas ya nutse a cikin nama. Ma'aikata Inna suke ce mata.

Ta miƙe da ƙyar ta gaishe shi. Da ta ga ya fito da alli, sai ta roƙe shi ya bar wannan wurin. Ta ce shekara goma sha tara tana share ginin, nan kaɗai take samu ta zauna minti goma ƙafar ta lafa. Ta ce jikoki uku ne a hannunta, uwarsu ta rasu. Yaya ya ci gaba da awonsa.

Sai ta rage murya.

“Ɗana, ba ni kaɗai ke zama a nan ba. Na tarar da su. Ba na kallonsu, ba sa kallona, shi ya sa muke zaune lafiya.”

Yaya ya yi dariya. Ya ce su ma in suna cin albashin kamfani gara a gan su. Ya zana da'irarsa a saman bakin lungun, ya rubuta 143.

Da ma iyakarsa ke nan, da sauƙi. Amma da ya sauko, Manaja ya fara ƙorafin cewa kyamarorin hawa na bakwai sun yi yawa, a rage. Yaya ba ya son a taɓa tsarinsa. Sai ya ba shi labarin dattijuwar da bokitinta, har yana kwaikwayon yadda take ɗingishi. Manaja ya yi dariya har da buga tebur. Ya sa hannu a takardar tsarin, sannan ya aika a kira ta.

Kafin la'asar an karɓe tsintsiyarta da rigar aiki. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa yana shan lemo ta wuce shi, tana jan ƙafa. Ba ta zage shi ba. Ba ta ma dube shi ba.

Abu ɗaya ya rage masa: ya gwada ko kyamara ɗaya za ta iya ganin lungun har ƙarshe. Ya jira aka tashi daga aiki. Gab da magariba ya ɗauki tsani, da kyamarar gwaji, da allon hannu da take tura wa hoto. An kashe lifta, sai ya bi matakala.

Ginin ya yi tsit. Kekuna ɗari shida an lulluɓe su da ƙyalle, jere kamar gawarwaki. Warin man keke da ƙurar auduga. A kowane hawa yana wuce da'irorinsa ja a bango.

A hawa na bakwai warin ya canja. Toka ce da aka zuba wa ruwa, da wani ƙauri kamar na gashi. Tanki ɗaya yana ɗiga. Ɗis. Ɗis. Bokitin dattijuwar yana nan a kife.

Ya kafa tsani, ya hau, ya manna kyamarar a kan da'irar. Ya leƙa lungun da idonsa. Duhu, da bango, da yanar gizo. Ba kowa.

Ya duba allon.

Lungun cike yake.

Suna zaune a jere, dama da hagu, har inda hoto ya ƙare. Dogaye, sirara, gwiwoyinsu sun wuce kawunansu. Wata tana tsefe wa wata gashi. Wata tana shayar da wani abu ƙarami a cinyarta. Wani tsoho a kwance, ana yi masa fifita. Gida ne. Cikin gidan wasu ya buɗe.

Ya sake duban lungun. Ba kowa. Ya koma kan allon.

Sun daina motsi.

Sai suka fara rufe jikinsu, da sauri, kamar matan da aka faɗo wa suna wanka. Mai shayarwa ta juya wa kyamarar baya. Ƙananan cikinsu suka cusa fuska a bango. Ba sauti a allon, amma a kunnensa ya ji kukan jariri, siriri, daga cikin lungun da babu kowa.

Ɗigar tankin ta tsaya.

Tsohon da ke kwance ya tashi. Bai miƙe gaba ɗaya ba, silin ya yi masa kaɗan. Ya taho a sunkuye. Yaya ya kai hannu zai cire kyamarar, hannun ya ƙi ɗaguwa.

Hoton ya ɗauke. Ya dawo.

Yanzu ba lungun yake nunawa ba. Ƙeyar wani mutum ce a kan tsani, da zufa tana bin wuyan riga.

Ƙeyarsa.

Numfashi ya sauka a bayan kunnensa, mai sanyi, mai warin toka.

“Kai ne mai son gani?”

Ya buɗe baki zai yi addu'a. Harshe ya naɗe.

Yatsu suka zagayo ta bayansa, dogaye, busassu. Biyu a kowane ido. Suka ɗaga fatar idon sama, suka ja ta ƙasa, suka riƙe. Iska ta shiga. Hawaye ya zubo. Aka tofa masa wani abu mai ɗumi a dama, aka tofa a hagu.

“To, gani.”

Aka sake shi.

Ya faɗo daga tsanin, idon sawunsa ya yi ƙas. Bai tsaya ba. Ya rarrafa zuwa matakala, ya kama ƙarfen gefe, ya gangara.

A hawa na shida, da'irar da ya zana ta ƙifta.

A na biyar ɗigon ya juyo ya bi shi.

Na huɗu. Na uku. Bango duk idanu, jajaye, jiƙaƙƙu, kowane da lambarsa a gefe da rubutun hannunsa.

Bayansa babu takun kowa. Ba wanda ya bi shi. Ba su da bukata.

Maigadi ne ya ji ana dukan ƙofar ƙarfe daga ciki, ya buɗe, ya jawo shi waje ta kwalar riga. Ya ce ya same shi yana murza ido da ƙasa.

Ƙafar ta warke cikin wata biyu. Likitan ido ya duba shi sau uku ya ce lafiyarsa ƙalau. Manaja bai ko leƙo asibiti ba. Ya miƙa tsarin ga wani kamfani, aka haɗa komai yadda Yaya ya zana, kuma har yau ko ciwon kai bai yi ba.

Ni nake kwana da Yaya a asibiti, ni ya fara gaya wa. In ya rufe ido, ba ya ganin duhu. Hoto yake gani, daga sama, daga kusurwar ɗaki, baƙi da fari. Ba ginin kamfanin ba. Gidansa. Yana kwance a gadon asibiti ya gaya mini matarsa ta ƙone hannu a kicin, na buga waya, haka ne.

Mun yi duk abin da ake yi. Sun tashi daga gidan, hoton ya bi su. Ya tura iyalin wurin surukansa, hoton ya riga su isa. Daga baya hoton ya bar matar, ya tsaya a kan 'yarsu mai shekara biyar. Tana wasa, tana cin abinci, tana barci.

Yaya ya bar sana'a. Ya rame, idanun sun yi ja don ƙin ƙiftawa. Makon jiya na same shi a tsakar gida da rana tsaka, ya zuba wa yarinyar ido tana tsallen igiya. Na ce ya yi haƙuri, hoto ne kawai, kusan shekara ke nan ba abin da ya same ta.

Ya riƙe hannuna. Ya ce shekara goma sha biyu yana wannan aiki, ya san kyamarar da aka kafa a bango ba ta motsi. Wannan kuwa hotonta yana ɗan hawa yana sauka, a hankali, kamar ƙirjin mai numfashi.

“Da daga kusurwar silin nake ganinta,” ya ce. “Yanzu har kitson kanta ina iya ƙirgawa.”