Abin da Ke Kai Halidu Tabotaki

"Mi kake zuwa yi Tabotaki?"

Halidu ya kashe moto, babur ɗinsa na haya, a hankali. Sauran 'yan kabu-kabun tashar Madawa suka juyo suna kallo.

"Nasiba, sanyin idona... nan gaban mutane?"

"Kar ka sake kirana haka! Duba nan!"

Ta miƙa masa wayarta. A kan taswira jan layin tafiyarsa ya tashi daga Madawa, ya bi ta Buza, ya tsaya Tabotaki. Ba sau ɗaya ba.

Nasiba, budurwarsa, ita ce ta haɗa aplikasiyon da 'yan kabu-kabun ke samun fasinja da ita. Taswira ta ɗauko daga wani shafin intanet, hasashen ruwan sama daga wani, hanyar aika saƙo daga wani, ta ɗinke su wuri guda. Mai naƙuda a Urno ta taɓa waya, moto mafi kusa ya iso. Halidu ne ya bi abokan aikinsa ɗaya-ɗaya yana lallashi, har ya rantse musu cewa da zarar mutum ya tashi aiki, ba mai ganin inda yake.

Haka kuwa abin yake, sai ranar da Shamsiyya, 'yar gwaggon Halidu da ta daɗe tana son sa, ta raɗa wa Nasiba: "Wata budurwa gare shi can Tabotaki. Ke da ke da taswira, ki duba mana."

Nasiba ta zauna gaban ordinatarta, wato kwamfutarta, ta buɗe abin da ta yi alkawarin rufewa.

Halidu ya daɗe yana kallon wayar.

"Waɗanga ai ranakun hutuna ne. Ƙaƙa kika gan ni?"

Ta kau da kai gefe.

Bawa, shugaban 'yan kabu-kabun, ya miƙe daga benci.

"Ashe mu ma kina kallon duk gidan da muka shiga?"

Nan take suka shiga goge aplikasiyon, kowa na harar Halidu.

"Wurin Baffanki Isiyaku nake zuwa," in ji Halidu, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Baffa Isiyaku, da ke zaune Tabotaki, shi ne waliyyin Nasiba tun rasuwar mahaifinta, shi ne kuma ya ce ba zai ba jikan Arna irin Halidu ɗiyarsu ba.

"Noma nake taya shi, ko zai san ni da kaina. Na ɓoye miki ne don in ya kore ni kar ki ji zafi."

"Halidu... don Allah... sharrin Shamsiyya ne!"

"Shamsiyya magana ta yi. Ke kika buɗe."

"Ka yafe mini, masoyina!"

"Zargi ina iya yafe shi, Nasiba. Amma da bakina na rantse wa mutanen ga."

Kafin daminar ta ƙare ya sayar da motonsa, ya koma Kaita wurin yayansa.

Nasiba ta toshe ƙofar leƙen da ta buɗe a aplikasiyon, ta bi su Bawa tana ba su haƙuri. Wasu sun dawo, wasu ko gaisuwarta ba sa amsawa. Saƙonnin da ta aika Kaita kuwa, shiru.

Bayan an gama kaka, Baffa Isiyaku ya sauka daga motar Buza da buhu a gefensa. Ya zauna kan tabarma yana murmushi.

"Ɗiyata, yaron nan na zauna da shi. Salla ba ta wuce shi, ƙarya ba ta bakinsa. Na yi kuskure. Ki ce ya turo magabatansa."

Hawaye suka zubo mata.

"Baffa... an ɗaura masa aure a Kaita."

"Da wa?"

"Ban san ta ba."

Tsohon ya dubi buhun.

"To, wanga geron fa? Rabonsa ne na kawo masa."