Kwalbar Gwajin Firji

Auta ba ta jiƙa rigar aikin mijinta sai ta fara shinshina ta. Wuyan rigar take fara kaiwa hanci, sannan aljihun gaba. Idan warin man inji da gumi ta ji, sai ta sauke ajiyar zuciya ta tsoma ta a bokiti. Idan kuwa ɗayan warin ne, mai tsami-tsamin nan, ranar ba ta da sauran sukuni. A haka Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, ta same ta wata Asabar da hantsi, tsugune a bakin famfo da riga a hanci.

Gwaggo ba ta zauna ba, ko kujerar da aka jawo mata ba ta kalla ba. A tsaye ta sauke saƙon da ta zo da shi. Labari ya kai kunnen Baba cewa kwanakin baya an ga an sauke mijinta Injiniya a ƙofar gida yana tangaɗi, mutum biyu na riƙe da shi. Baba ya ce shi bai haifi 'yar da zai bar wa mashayi ba. Idan aka sake gani ko sau ɗaya ne, da kansa zai zo ya ɗauke ta, kuma auren ya ƙare ke nan.

Auta ta fashe da kuka. Ta ce wallahi ya daina, sun je asibiti tare, yanzu ko hanyar bai bi. Gwaggo ta dube ta daga sama har ƙasa, ta dubi rigar da ke hannunta.

"Ya daina, shi ne kike shinshinar riga?"

Gwaggo ta gyara mayafinta ta fita, ta bar Auta da famfo yana zuba.

Injiniya gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi a shagon wansa, wanda kowa ke kira Yaya Babba. Ta wannan sana'ar ma suka haɗu da Auta. Gyara ya zo yi gidansu, ya gama, sannan ya yi ta dawowa duba firjin da lafiyarsa ƙalau, har Baba ya tambaye shi ko firjin zai aura. Saurayi ne mai kunya da sanyin magana, kuma Auta tana son sa irin son da ba ta iya ɓoyewa ko a gaban surukai.

Sana'ar da ta haɗa su ita ce kuma ta so ta raba su. Manyan kwastomomin shagon otal-otal ne da gidajen shaye-shaye, inda firji ba ya hutawa. A irin waɗannan wurare, da zarar mai gyara ya gama, sai mai kula da kantar sayar da abin sha ya zaro kwalba mai raɓa ya ɓalle murfin, ya ce a ɗanɗana a ji ko sanyi ya kama. Da farko lemo Injiniya yake zaɓa. Wata rana aka ce lemo ya ƙare, aka yi ta yi masa dariya ana ce masa ɗan Inna, ya kurɓa don a ƙyale shi. Daga kurɓa sai kwalba, daga kwalba sai ya zamana shi ke tambaya ko ba za a yi gwaji ba.

Likitar da suka gani ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce niyya tana da kyau, amma niyya kaɗai ba ta tsayawa a gaban kwalba buɗaɗɗiya. Sai an tsara masa rana, an san wane lokaci ne ke kayar da shi, a wane wuri, kuma da su wa. Suka tsara. Yana rufe shago zai kira Auta, ba zai kashe wayar ba sai ya shigo gida. Ya canza hanyar dawowa. Da yamma ya koma buga ƙwallo da samarin layinsu, kuma duk mako yana zuwa zaman da ake yi a asibitin da masu fama irin nasa. Ko'ina an toshe sai ƙofa ɗaya, kuma ita ce babbar: aikin kansa. Likita ta ce dole wani a wurin aiki ya sani. A shagon kuwa mutum ɗaya ne ke cewa wane je ka can, wane tsaya nan, shi ne Yaya Babba, kuma shi kaɗai ne a gidan bai san komai ba.

Inna, mahaifiyarsu, ita ta hana. Tun ranar da ta gano ta sa Auta ta yi mata alkawarin ba za ta faɗa wa Yaya Babba ba. Ta san halin babban ɗanta, mutum ne mai zafi wanda ya taɓa korar ma'aikaci saboda ya gan shi da taba. Tsoronta kada ya kori ƙaninsa, duniya ta ji dalili.

Bayan tafiyar Gwaggo, Auta ta yafa mayafi ta nufi wurin Inna. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta kwashe komai ta faɗa mata, ta roƙe ta da girman Allah ta sake ta daga alkawarin nan. Inna ta saurara har ƙarshe tana jan carbi, sannan ta ajiye shi.

"Wato ki tsira da aurenki, ni kuma a tona asirin ɗana a kasuwa?"

"Inna, ba tonawa ba ce. Yaya kullum can yake tura shi, bai san abin da yake tura shi a ciki ba."

"Addu'a muke yi, kuma ta isa. Ranar da kika buɗe baki a gaban yayansa, ki sani babu ni babu ke."

Auta ta fito idanunta jawur. Idan ta yi shiru, wata rana za a sake sauke shi a ƙofar gida, Baba ya zo ya ɗauke ta. Idan ta yi magana, ta rasa Inna. Haushi ya kama ta ƙwarai, domin duk mutanen nan son Injiniya suke yi, amma kowa ya riƙe nasa son a gefe yana ja.

Shi kuma Injiniya ƙarya yake ta ɗinkawa a shago. Yau bayansa ne ke ciwo, gobe babur ɗinsa ne ba lafiya, duk don kada a tura shi otal. Yaya Babba ya fara ƙosawa. Yana faɗa a gaban ma'aikata cewa tun da yaron nan ya yi aure ya zama malalaci, mace ta mallake shi, ko fitsari zai yi sai ya buga mata waya.

Ranar wata Alhamis bayan azahar ƙaryar ta ƙare. Ɗakin sanyi na babban otal ɗin da ke ba su aiki ya tsaya cak, ga nama da kifi cike, ga taro washegari. Babu wanda ya san injin nan irin Injiniya, shi ya haɗa shi. Yaya Babba ya ɗauko jakar kayan aiki ya dire a gabansa, ya ce ko bayan ne ya karye sai ya je.

Injiniya ya zagaya bayan shago, tsakanin matattun firji da aka jingine, ya kira Auta.

"Auta, plis ki taimake ni. Na san kaina. Idan na shiga wurin nan ni kaɗai, ba zan fito yadda na shiga ba."

Auta ta runtse ido. Maganar tana bakinta, kiran Yaya Babba bai fi ta danna lamba ba. Amma ta yi alkawari, kuma ta san ko ta karya shi, maganar da ta fito daga bakin mata ba za ta zauna a kunnen Yaya ba, cewa zai yi sharri ne.

"Ni Inna ta ɗaure wa baki," in ji ta. "Kai ba ta ɗaure maka ba. Ka tsaya nan, ga ni nan zuwa. Ba zan ce komai ba, amma zan tsaya a bayanka."

Ko da ta iso, Yaya Babba yana bakin shago yana duba agogo. Ganinta ya ƙara tunzura shi, ya tambaya ko yanzu har wurin aiki ake biyo shi da nono. Auta ta gaishe shi ta sunkuyar da kai. Injiniya ya ce yana son magana da shi a ofis. Suka shiga su uku, aka turo ƙofa.

Da Injiniya ya buɗe baki, a dunƙule maganar ta fito. Ya ce giya yake sha, ya jima yana sha, yanzu yana ƙoƙarin dainawa. Bayansa lafiya lau, babur ma lafiya lau, tsoro ne kawai.

Auta tana jiran mari ko kora. Sai Yaya Babba ya tambaya da wata irin murya a ina ya koya.

"A wuraren da kake tura ni, Yaya."

Yaya Babba ya nemi kujera ya zauna. Ya tambaya wa da wa suka sani. Da ya ji Inna da Auta ne, sai ya juyo kanta, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kuna kallo? Kuna kallo ina ɗaukar ƙanina da hannuna ina jefa shi can kullum, ina zaginsa don ya ƙi zuwa, ku kuma kuna rufa masa asiri?"

Hawaye suka zubo wa Auta. Sai ga wayar otal ta shigo. Yaya Babba ya dube ta har ta tsinke, sannan ya miƙe ya saɓa jakar a kafaɗarsa, shi da rabonsa da ɗaukar jaka tun kafin ya yi tumbi. Ya ce wa Auta ta koma gida, ya ce wa ƙaninsa ya wuce su tafi.

Aikin ya ci su har bayan la'asar. Injiniya yana kwance ƙarƙashin injin, Yaya Babba yana miƙo masa sifana kamar sabon ɗan koyo. Injin ya tashi, sanyi ya fara sauka. Daidai lokacin manaja ya ja Yaya Babba ofis don ya sa hannu, Injiniya ya rage shi kaɗai yana tattara kaya. Sai ga mai kula da kanta da fara'arsa, ya ce kwana biyu an ɓuya, ya ɓalle murfin kwalba ya ajiye ta a kan jakar.

Raɓa tana gangarowa a jikinta. Warin ya daki hancinsa, yawu ya cika masa baki, ga gajiya ga ƙishi. Ba kowa a wurin sai ma'aikata, su kuma sun saba gani. Hannunsa har ya baro jikinsa. Sai ya buɗe baki ya ƙwala kira, irin kiran da rabonsa da shi tun yana yaro idan kare ya biyo shi.

"Yaya!"

Ma'aikatan kicin suka kwashe da dariya. Yaya Babba ya fito da sauri, biro a hannu. Ya ga kwalbar, ya ga fuskar ƙaninsa.

"Ba komai," in ji Injiniya, gumi na keto masa. "So nake kawai ka tsaya kusa da ni."

Yaya Babba ya tsaya. Ya ɗauke kwalbar ya mayar wa mai ita, ya laluba jaka ya zaro ma'aunin sanyi ya maƙala a ƙofar ɗakin. Ya ce daga yau da wannan shagonsu yake gwaji, duk wanda ya sake miƙa wa ma'aikacinsa kwalba ya nemi wasu masu gyaran.

Abin bai gyaru a rana ɗaya ba. Inna ta yi makonni ba ta amsa gaisuwar Auta, ko da yake an rantse mata ba ita ta faɗa ba, kuma Auta ba ta fasa zuwa tana durƙusawa ba har Inna ta gaji ta sauko. Yaya Babba ya sake rabon aiki: gidaje, asibitoci da masu sayar da kifi na Injiniya ne, otal kuwa sai dai su je tare. Ranar zaman asibiti shi da kansa yake korar sa daga shago da wuri. Akwai ranakun da Injiniya yake shigowa gida a birkice, ba ya son magana, Auta ta zauna kusa da shi har abin ya wuce.

Daga baya Yaya Babba ya sa babbar riga, ya ɗauki ƙaninsa da Auta suka je gaban Baba. Bai yi masa alkawarin da ba nasa ba. Ya ce ba zai rantse cewa yaron nan ba zai taɓa yin tuntuɓe ba, amma a da 'yarsa kaɗai ke riƙe da shi, yanzu kuwa gida guda ne, kuma ranar da ya zame, shi Yaya Babba zai fara kawo labarin da bakinsa. Baba ya dubi Injiniya, wanda kansa ke ƙasa. Ya tambaye shi ko gaskiya ne a gaban mutane ya kira wansa. Ya ce gaskiya ne.

"To, ka ƙara lambata a cikin waɗanda kake kira," in ji Baba. Ya juya ga 'yarsa. "Auta, tashi ki bi mijinki."

Auta ta rufe fuska da mayafi tana kuka, wannan karon na farin ciki. Ta yi haƙuri, kuma haƙurin ya biya ta. Amma ta koyi abin da ya kamata kowane gida ya sani: rufa wa naka asiri alheri ne, sai dai idan ka ɓoye ciwonsa ga wanda zai iya tallafa masa, ciwon ka taimaka, ba shi ba. Mai son barin abin da ya fi ƙarfinsa yana bukatar tsari, yana kuma bukatar mutanen da zai kira su amsa.