Layi Na Huɗu

Malama tana da allo, da alli, da yara talatin da biyu. Abin da ta rasa shi ne ƙarar gudumar kafintan da ke gyara kujerun makarantar. Wata huɗu ke nan da Yayanta ya sallame shi daga ƙofar gida, ranar da ya zo neman aurenta.

"Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba? Ke da kike koyar da 'ya'yan mutane?"

Kafinta bai yi musu ba. Bai kuma sake taka makarantar ba.

Ranar Litinin ta koya wa yara waƙa mai layi huɗu.

"Layi na farko, sunan abin. Na biyu, kamanninsa. Na uku, aikinsa. Na huɗu, abin da zuciyarku ta ce. Shi kam kada kowa ya taya ku."

Washegari tana duba littattafai, sai ta zo kan na Auta, ɗiyar ƙanwar kafinta.

Kujera.
Ƙafa huɗu, baya guda.
Tana jiran mai zama.

Layi na huɗu ba hannun Auta ba ne. Manyan haruffa ne karkatattu, an danna su da fensirin kafinta har takardar ta kusa hujewa:

INA NAN INDA KIKA BAR NI.

Jan biro ya tsaya a hannunta.

"Auta... wa ya yi miki wannan?"

"Kawu ne. Na ce masa za ki yi faɗa." Ta sunkuyar da kai. "Kullum da yamma ni nake koya masa. Kansa da tauri, Malama. Jiya sau bakwai ya goge."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya daina zuwa."

Malama ta rufe littafin.

"Ara mini littafin nan, 'yar albarka."

Da ta koma gida ta ajiye shi gaban Yayanta.

"Ka ce bai iya ba. Karanta."

Yaya ya karanta, ya sake karantawa.

"Rubutu sai ka ce kaza ta yi tono..." Ya yi gyaran murya. "Ki ce ya zo Asabar. Dama ƙofar ɗakina tana cijewa, tana son gyara."

Da safe Malama ta mayar wa Auta littafinta, ta buɗe tana neman maki. Babu. Sai layi guda da jan biro a ƙarƙashin na Kawu: Ni ma ban gusa ba. Ka zo Asabar.

A nan Auta ta gane cewa layi na huɗu ba don maki ake rubuta shi ba, don mutum guda ake yi.