Cikin Matashi

"Zariya! Zariya mutum biyu!"

Isyaku direba ne ke ƙwala kira a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi, hantsi ya dubi ludayi. A kujerar tsakiya ta motarsa Fijo Hadiza na zaune, gumi na bin bayanta. Ƙarƙashin hijabinta matashi ne ɗaure da zani, a bayan matashin bindigar Maje. A ƙarƙashin bindigar kuma akwai cikin gaske na wata uku, wanda shi take jin tsoron a taɓa.

Dabarar Maje ce, ogansu kuma uban cikin. Tunda soja suka miƙa mulki 'yan sanda ke tsare hanya, kuma ba sa lalube mai ciki. Fasinja ma in ya ga mace a mota sai ya saki jiki.

"Wannan ne na ƙarshe, wallahi," ya faɗa mata da safe a Tarauni. "Akwai wani Alhaji da muke hako; mu ƙwace jakarsa, mu sauke shi a daji, mu ware."

Ga Alhajin nan ya shige gaba, rungume da jaka. Sai kuma wata tsohuwa ta turo kai.

"Inna, mota ta cika!" in ji Maje daga baya.

"Yo ba mutum biyu ake kira ba? Matsa min, 'yar nan."

Dole aka tashi da ita. Kafin su wuce Unguwa Uku ta gama ba da labarinta: Inna Fatsuma ce, ungozoma, za ta Zariya karɓar haihuwar jikarta.

Inna ta dubi cikin Hadiza.

"Wata nawa ne? Kai, wannan ciki ya yi sama da yawa. Bari in ji."

"A'a Inna, bar..."

Ina! Hannu ya riga ya shige. Ya danna laushi, ya zarce, ya ci karo da ƙarfe. Tsohuwa ta dubi Hadiza. Hadiza ta dubi tsohuwa, idonta ya cika da ƙwalla. Inna ta janye hannu a hankali, ta ciro carbi.

Maje ya sunkuyo saitin kunnen Hadiza. "In ta yi tari, ki fasa ta."

Shinge a Kwanar Dawaki! Kofur ya leƙo, ya ga ciki, ya ɗaga hannu su wuce.

"Naƙuda!" Inna ta kurma ihu. "Ɗana, buɗe ƙofa, haihuwa za ta yi!"

Kofur ya fizge ƙofa.

"Taka wuta, Isyaku!" in ji Maje.

"Maje, kar ka..."

Da ƙafa Maje ya hankaɗo Hadiza waje, har da tsohuwar. Hadiza ta faɗi rub-da-ciki a kan kwalta. Zani ya kwance, bindiga ta yi tsalle gefe.

"'Yan fashi ne!" in ji Kofur.

Tau! Tau! 'Yan sanda suka buɗe wuta. Taya ta fashe, Fijo ta wuntsila cikin gona. Isyaku ko shurawa bai yi ba. Alhaji ya tsira da karaya biyu. Maje ya fice ta taga ya nausa cikin dawa, bai ko waiwayo ba.

Kofur ya zo da ankwa. Inna ta rarrafo, goshinta na jini, ta ture hannunsa. Ta ga abin da ke bin ƙafar Hadiza.

"Innalillahi! Ashe da na gaske a ƙasa?"

"Inna, ki cece shi, don Allah..."

Tsohuwa ta dafa marar. Sannan ta cire mayafinta ta rufa mata ƙafafu.

"Yi haƙuri, 'yar nan. Ya riga ya tafi."